Kuɗin Takarda da Kuɗin Baki

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Zuwa gare ka, Mai sunan Baba, gaisuwa mai yawa daga mahaifiyarka. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ka ka riga ka sauka lafiya a Takanamat, kamiyon, babbar motar da ta ɗauke ku, bai kafe muku a rairayi ba, ka sami ɗakin kwana da ruwan sha mai daɗi. Allah ya raba ka da sharrin hanya da na baƙunta, ya haɗa ka da mutanen kirki.

Na ba ƙanwarka Rabi ta cusa ta cikin jakar guzuri, ƙarƙashin ƙuli-ƙuli, don kada ka gan ta sai ka yi nisa. Kai ne ɗan farina. Ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa zama da kai a tabarma ɗaya munka yi doguwar magana ba, kuma ba yau zan fara ba da furfura a kaina. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ka yi haƙuri da rubutun, idona ya yi rauni, ina yi ina hutawa.

Maganar tawa ɗaya ce. Tun da gwiwoyina sunka ƙi, na naɗe tabarmata na bar kasuwar Lahadi, daga hannunka nake ci. Geron da muke dakawa naka ne, gishirin miya naka ne, har sabulun da nake wanke zanen sallata. Yanzu Alhaji maigidanka ya ɗauke ka daga butikinsa, wato shagonsa, na nan Tawa, ya ba ka sabo a can ka riƙe kai kaɗai, ka kuma gaya wa Rabi duk wata za ka aiko mana. Ina so abin da zan riƙa kaiwa bakina a ƙarshen rayuwata ya zama mai tsarki. A yanzu ba ni da wannan natsuwar, kuma zan gaya maka dalili.

Ka san Sarjan Nomau na Bambeye, taubashina, wanda ya yi sojan Faransa ya dawo da ɗingishi da kaifin baki. Kafin saukar damina ya biyo gidan nan wata Lahadi, kana butiki. Ya zauna a ƙofar ɗakina ya ce a dama masa fura, ya fara wasansa na kullum, wai na tsufa na yamutse, wai carbina ya fi ni ƙiba. Na ce masa shi da ƙafarsa ta riga shi tsufa, me zai faɗa. Sai da ya sha rabin ƙwarya kana ya goge baki ya ce:

"Malama, ashe ɗan kasuwa kika haifa. Takarda tana faɗin nata, bakinsa yana faɗin nasa, kuma bakin ne ake biya."

Na tambaye shi abin da yake nufi. Ya ce ya zo butikinku sayen sukari da sabulu na sunan jikansa, tare da surukinsa, uban mijin ɗiyarsa. Shi a bariki ya koyi lambobin boko, kuma duk Bambeye da haka anka san shi, shi ake kai wa takardar haraji ya duba. Da ya ga 'yar takardar da kunka liƙa a jikin kanta ƙarƙashin kwalin sukari, sai ya karanta wa surukin kuɗin da ƙarfi, don a san ya iya. Ya kwashi kaya ya aza a tebur. Kai kuma ka faɗi wani kuɗi da ya fi wancan. Ya nuna maka takardar, ka ce masa cikin ladabi takardar ta tsufa, kaya sun tashi tun zuwan kamiyon makon jiya.

Na ce to me ya hana shi mayar da kayan. Ya dube ni kamar na yi hauka.

"Ke, in mayar da sukarin sunan jikana a gaban surukina, mutane suna tsaye bayana? Ai gara in sayar da jakina."

Ya biya. Ya ce kuɗin bai dame shi sosai ba, goron matarsa ne kawai ya fasa saye. Amma kafin kasuwa ta zagayo duk Bambeye ana cewa karatun Sarjan ƙarya ne, ko kuɗin sukari bai iya karantawa ba. Yana faɗa yana dariya. Na ce ya yi haƙuri, zan mayar masa da abin da ya hau. Ya ce tsakanina da shi sai wasa, in riƙe kuɗina in sayi ƙiba. Ya shanye furarsa ya tafi. Ni ban yi dariya ba.

Bayan 'yan kwanaki ina alwalar la'asar a bayan zana, na ji ka a zaure da abokanka. Ban yi laɓe ba, muryarka ce ta tashi. Kana cewa tun da anka samu mulkin kai butikoki sunka yawaita a garin nan, kowa haka yake yi, takarda don ta jawo mutum ciki ce. Kana cewa in duk zuwan kamiyo sai an sake rubutu, ba a yin wani aiki sai shi, kuma ba wanda anka tilasta wa saye. Na gama alwalata na shiga ɗaki. Ban ce maka komai ba, damina ta sauka ta ɗauke, ina ta cin abin da ka kawo. Wannan shirun kuskurena ne na baya-bayan nan. Na bar kunya ta riƙe mini baki a kan abin da ya fi kunya nauyi. In ka ga wanda yake ƙarƙashinka ya karkace, kada ka jira kamar yadda na jira.

Ba don na fi ka nake rubuta wannan ba. Duk maganar da na ji ka faɗa a zaure, na taɓa faɗa wa kaina irinta.

Shekarar da kake rarrafe, ina sayar da kanwa da gishiri da daddawa a layin mata na kasuwar Lahadi. Wata mata ta zo daga Kalfu, siririya, ta manyanta, ban san sunanta ba har yau. Ta ɗaga wani dunƙulen kanwa ta juya shi, ta tambayi kuɗinsa, na faɗa. Ta ce in aje mata, ɗiyarta ta kusa haihuwa, Lahadi mai zuwa za ta dawo da kuɗin. Na ce to. A cikin makon nan labari ya zo ayarin kanwa ya makara, duk layinmu anka ɗaga kuɗi. Lahadi ta yi, ga matar ta iso a ƙafa, kuɗin ɗaure a bakin zanenta, daidai abin da na faɗa mata, ba ƙari. Kazarta ta sayar ta haɗa su. Na gaya mata sabon kuɗi. A raina ina cewa ban yi ƙarya ba, kanwa ta tashi, kowa a layin shaida ne.

Ba ta yi gardama ba. Ta dubi kuɗin a tafin hannunta, ta dube ni, ta ce, "Ai ke kika faɗa." Iyakar maganarta ke nan.

Na ɗauki dutse na fasa dunƙulen, na ba ta gutsuren da ya yi daidai da kuɗinta. Ta ƙulle ta juya. Kai namiji ne, ba lalle ka sani ba: maijego kunun kanwa take sha tun daga haihuwa har ta gama wanka, shi ke mayar mata da ƙarfi ya kawo nono. Abin da na ba matar nan ba zai kai rabin kwanakin ba. Ragowar kuwa kafin azahar na sayar wa wani mai shanu da riba mai kyau.

Da na dawo gida na ba Malam mahaifinka labari, Allah ya jiƙansa, ina jiran ya ce na yi daidai. Bai yi mini faɗa ba, ka san ba halinsa ba ne. Ya tambaye ni kawai, ranar farko da matar ta kama hanyar Kalfu, da wane kuɗi ta tafi a zuciyarta. Ya ɗauki buzunsa ya tafi masallaci. Na yi Lahadi da yawa ina duban fuskokin matan Kalfu. Na tambaya, amma me zan ce? Wata siririya mai ɗiya da ciki? Ban sake ganinta ba.

Takardar da ke jikin kantarka bakinka ce, tana magana da mutane lokacin da kai ka yi shiru. Wanda ya karanta ta ya riga ya gina shirinsa a kai, kamar yadda matar nan ta sayar da kazarta a kan maganata. In kaya sun tashi, kafin ka buɗe ƙofa da safe ka ɓamɓare tsohuwar, ko da ba ka sami sukunin rubuta sabuwa ba. Kanta babu takarda ba ta yi wa kowa ƙarya ba. In ka manta har mutum ya ɗauki kaya a kan abin da ya gani, ka sayar masa a haka, ka gaya wa Alhaji mantuwarka ce, ya cire a albashinka. Za ka ji zafi sau ɗaya ko sau biyu, daga nan ba za ka sake mantawa ba.

Akwai wani laifin kuma, shi ya fi daɗewa a hannuna. Lokacin da Nasara suke shirin tafiya, anka kawo ma'aikatan gwamnati daga yamma da bakin teku, anka zaunar da su kusa da unguwarmu. Matansu ba su jin Hausa. A lokacin ina man gyaɗa a gida, sai su zo da kwalabensu, in auna musu, su buɗe tafin hannu da kuɗi a ciki su bar ni in zaɓa. Nakan zaɓi abin da ya fi wanda nake karɓa daga maƙwabta. Ba ni kaɗai ba, duk matan unguwa haka suke yi, muna kiransa kuɗin baƙo, muna cewa ai mazansu albashi suke ɗauka. In sun fita mu yi ta dariya.

A cikinsu akwai wata yarinya, amarya ce, ba ta san kowa a garin ba. Abin da ta iya da Hausa bai wuce sannu da Inna ba, kuma ni take ce wa Inna. Takan zauna a bakin murhuna tana kallon yadda nake matse tunkuza, ba magana, sai murmushi. Da anka canza wa mijinta gari ta zo sallama, ta kawo mini kallabi sabo, ta rungume ni tana kuka. Na karɓa na yi godiya.

Babu abin da ya same ni. Man bai lalace ba, ban yi ciwo ba, ba wanda ya kama ni. Da wani abu ya same ni, da na daina da wuri. Haka abin yake, yana shiga cikin tuwo a ci, gari ya waye lafiya, mutum ya ce ashe ba komai. Sai da shekaru sunka tura, barci ya ragu, kana tafin hannun yarinyar nan ya riƙa dawo mini a buɗe.

Can inda ka tafi irin wannan hannun za ka fi gani. Masu karanta takardarka a Takanamat ba su da yawa, wataƙila malamin lakwal, wato makarantar boko, da wani tsohon soja. Sauran manoma ne, da Fulani daga ruga, da Buzaye da suke fitowa daga daji sayen shayi da sukari, wasu sai bayan watanni suke ganin butiki. Mahaifinka ya yi zama a arewa, ya sha gaya mini cewa dattijonsu ba ya tsayawa ciniki a kan sukarin da zai ba baƙonsa, balle a gaban mutanensa. Zai nuna abin da yake so, ya kwance kuɗi ya aza. Kuma babu wani butiki a gefenka da zai je ya gwada. Saboda haka kafin mutum ya ɗaga kaya daga kanta, ka faɗa masa kuɗin da bakinka, daidai da abin da ke rubuce, da muryar da na bakin ƙofa zai ji. A lokacin yana iya cewa bari ya ƙara dubawa, ya fita da mutuncinsa. In ya riga ya aza a tebur, mutane suna kallo, ka kama shi ta inda ba ya iya kuɓucewa. Mutanenmu sun fi son su kwana da yunwa da a ga sun mayar da kaya. Ka san haka, don kai ma haka kake. Kada ka ci riba daga kunyar mutum.

Amma kada ka ɗauka ina hana ka riba. A nan ma na yi kuskure, kuma kai ka biya shi. Bayan rasuwar mahaifinka tsoro ya kama ni, na tuna matar Kalfu da amaryar nan, sai na zarce ɗaya gefen. Na riƙa sayarwa kusan yadda na saro, ina tula gyara har mai saye ya ce ya isa. In mutum ya ɓata fuska kaɗan, sai in rage. Ina ganin tsoron Allah nake yi. Jarin ya narke a hannuna ban sani ba. Ka tuna daminar da munka yi ta cin tafasa da kwaɗon rama, har Rabi ta riƙa kuka in ta ga tukunya. A shekarar ka bar lakwal ka je wurin Alhaji ɗaukar buhu, alhali malaminku ya zo har gidan nan yana roƙon a bar ka. Na san abin da na jawo maka, ko da ban taɓa faɗa ba.

Hanyar Takanamat tana cin mai, tana cin taya, dole kaya su fi na Tawa tsada. Ka rubuta tsadar. Ka rubuta ta da manyan lambobi, ka tsaya a kanta, mai so ya saya, wanda bai iya ba ya bari. Da tsadar da anka faɗa a fili ba ni da rigima. Rigimata da kuɗi biyu ne a kan abu ɗaya, na takarda da na baki.

Saura maganar Alhaji. Ban sani ba ko shi ya ce a bar tsofaffin takardu, ko ku yara kunka ga haka ya fi sauƙi. Ba zan zarge shi da abin da ban gani ba. Shi ya ɗauke ka lokacin da ba mu da kowa, kuma bai taɓa riƙe maka haƙƙinka ba. In ya zo duba butiki ya ga ka canza, ya yi magana, kada ka amsa masa a gaban mutane, kada kuma ka yi masa wa'azi, ya girme ka. Ka same shi shi kaɗai, ka durƙusa, ka ce masa ba ka iya faɗin kuɗin da ya saɓa wa rubutu. In kana jin nauyi, ka ce mahaifiyarka ce ta hana ka. Ka jingina abin a kaina, tsohuwa ce, ba zai yi fushi da ni ba. Mai yiwuwa ya yi dariya ya ƙyale ka. Mai yiwuwa kuma ya ce ka ba shi mabuɗinsa.

In ya ce haka, ka ba shi, ka yi masa godiya, ka hau kamiyo ka dawo gida. Ba zan ɓoye maka ba, ba da sauƙi nake rubuta wannan ba. Na gaji da talauci. Auren Rabi yana matsowa, ko tasa ɗaya ban aje mata ba, kuma ba ni da ƙarfin da zan koma kasuwa. Ba na son in sake ganin irin waccan daminar. Amma na auna su biyun, talauci da cin abin da ba shi da tsarki, tun daga ranar da Nomau ya sha fura a ƙofata, kuma kullum amsar ɗaya take fito mini.

Na yi tunanin in ce maka kada ka aiko mini da komai sai na tabbata. Na ga ƙarya zan yi, ba ni da wani hannun da zan ci daga gare shi, ga kuma yarinya a gabana. Na yi tunanin in riƙa tambayar masu zuwa daga can yadda kake ciniki. Na ga ba zan iya bin diddigin ɗana a bakin baƙi ba. Kai kuma in ka zo ganin gida, ka san yadda za ta kasance: za ka durƙusa a ƙofar ɗaki ka gaishe ni, in amsa ina kallon gefe, in tambaye ka hanya, ka tashi. Ba zan iya buɗe baki in tambaye ka wannan ba. Kada ma ka ba ni amsar takardar nan, ba sai mun yi maganarta ba.

Saboda haka duk abin da ka aiko zan karɓa. In gero ne Rabi za ta daka, in tuƙa, in yi bisimilla in ci, in ba ta ta ci. Da ƙarfinsa zan tashi in yi salla, da shi zan yi azumi in Allah ya kai mu, wataƙila a cikinsa za a yanka mini likkafani. Ba zan san daga inda ya fito ba. Kai kaɗai za ka sani, duk lokacin da mutum ya tsaya a gaban teburinka ya kwance bakin zanensa.

Rabi tana gaishe ka, ta ce ƙuli-ƙulin na ƙasa ya fi yaji, ka ci shi a hankali. In ka natsu ka nemi limamin garin ka gaishe shi, kada ka bar jam'i saboda ciniki. Allah ya tsare ka a zaune da tafe, ya tsare ka daga ciwo da ɓarawo da mugun aboki. Allah ya sa ka kwana lafiya a ƙasar mutane, ya dawo mini da kai da ƙafafunka. Allah ya tsarkake abin da zai shiga hannunka da abin da zai fita daga cikinsa zuwa gidan nan. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini.

Wassalam. Daga mahaifiyarka, a Tawa.